Fitilar Gefen Mota: Abin da Sauya Waya Ke Iya Yi da Abin da Ba Ya Iyawa

Wanda ya saba lura da motoci da daddare a titunan Kano ko Kaduna zai iya ganin wani bambanci da yawancin direbobi ba su damu da shi ba. Toyota Camry ko Honda Accord da aka shigo da ita daga Amurka, da zarar an kunna mata fitilar fakin, sai wata 'yar fitila ruwan goro ta kama a gefenta ta gaba, wata ja kuma ta baya, su tsaya a kunne ba ƙiftawa. Golf ko Peugeot 406 ƙirar Turai kuwa, 'yar fitilar da ke jikin madigadinta a mace take zama, sai an sa sigina take farkawa ta riƙa ƙiftawa. A ido kusan girmansu ɗaya, ƙwan da ke cikinsu ma sau da yawa iri ɗaya ne, amma dokoki biyu daban ne suka haife su, kuma aikin da aka ɗora wa kowacce daban ne. Daga nan ne buƙatar da ake kai wa masu wayarin mota ta samo asali. Wani yana so fitilar gefensa ta riƙa zama a kunne tare da fitilar fakin, wani kuma yana so ta kama da zarar ya murza makulli, ko da rana tsaka ne. Wannan nazari zai duba yadda ake yin sauyin, da dalilin da ya sa wata hanyar ke aiki wata kuma ke lalata mota, sannan ya auna abin da fitilar ke ƙarawa idan ta kama.

Yadda Amurka da Turai suka raba hanya

A 1966 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar kiyaye haɗurran ababen hawa, kuma a ƙarƙashinta aka fitar da ƙa'idar fitilu mai lamba 108. Da farko ƙa'idar ta wajabta wa motoci su kasance da alama a gefe, ko dai fitila ko gilashi mai mayar da haske. Daga 1 ga Janairun 1970 aka ce a haɗa duka biyun, ruwan goro a gaba, ja a baya. Matsalar da ake son magancewa sananniya ce. Fitilun gaba gaba suke kallo, na baya kuma baya, don haka motar da ta gitta a mararraba cikin duhu, mai tahowa ta gefenta ba ya ganin komai sai ya zo dab da ita. Launukan biyu ma da saƙonsu: wanda ya hango ruwan goro ta hagunsa da ja ta damansa ya san inda motar ta fuskanta, ya kuma ƙiyasta tsawonta.

A 1983 hukumar NHTSA, mai kula da kiyaye haɗurra a hanyoyin Amurka, ta fitar da rahoton Charles Kahane a kan amfanin waɗannan fitilu. Ya gano sun rage karon gefe da ake yi da dare da kimanin kashi 16 cikin ɗari, amma bai sami shaidar cewa sun rage mace-mace ba. A ganina wannan rabi na biyu na sakamakon ya fi na farko koyarwa. Fitila ce mai raunin haske. Ta isa ta ankarar da direban da ke tafiya a hankali cikin gari, amma wanda ya taho a guje da wuya ya hango ta daga nisan da birki zai cece shi.

Turai ta bi ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya da ake tsarawa a Jeniba, musamman mai lamba 48 da ta fayyace yadda ake kafa fitilu a jikin mota. A can fitilar gefe mai tsayawa a kunne ba ta wajaba ba sai a kan abin hawan da tsawonsa ya wuce mita 6, wato manyan bas da tireloli da makamantansu. Abin da ya wajaba a kan ƙaramar mota shi ne siginar gefe, wadda ke maimaita ƙiftawar sigina domin wanda ke kusa da ƙofar mota, inda ba ya ganin ta gaba ba ya ganin ta baya. Amurka ta damu da a san akwai mota a wurin, Turai ta damu da a san inda motar za ta karkata. Duk wanda ya taɓa waɗannan wayoyi, ko ya sani ko bai sani ba, yana neman ya tara amfanin biyu ne a ƙwai ɗaya, ko kuma ya sayar da ɗaya ya sayi ɗaya.

Hanyoyin haɗa waya

Hanya mafi arha ita ce a yanke wayar siginar gefe daga inda take, a jona ta da wayar fitilar fakin. Aikin minti kaɗan ne kuma fitila za ta kama. Sai dai motar ta rasa siginar gefenta ke nan. A garuruwan da masu babur da masu adaidaita sahu ke kutsawa ta kowane gefen mota, wannan 'yar ƙiftawa ita ce sau da yawa kaɗai abin da ke gaya wa wanda ke manne da ƙofarka cewa za ka sha kwana. Musanya ta da haske mai tsayawa asara ce, ko da motar ta fi kyau a ido.

Akwai wadda ta fi wannan muni, ita ce a ɗauko wuta daga fakin a ɗora a kan wayar siginar ba tare da an yanke komai ba. A nan layuka biyu da aka raba da gangan sun zama ɗaya. In an kunna fakin sai wuta ta kwarara baya ta kunna manyan ƙwayayen sigina su tsaya cak, in an sa sigina kuma sai fitilun baya da na lamba da na dashbod su kama ƙiftawa tare. Fiyus ɗin fakin, da aka auna shi domin ƙananan ƙwayaye, yanzu yana ɗauke da masu wat 21, don haka yana iya ƙonewa. Mai gaggawa sai ya sa wanda ya fi shi girma, ko ya naɗa masa zaren waya, daga nan kuma wayar ce za ta ƙone a madadin fiyus.

Maganin kwararar baya shi ne dayod, wani ɗan ƙaramin abu da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai. Ana sa ɗaya a wayar fakin, ɗaya a wayar sigina, su haɗu a kan ƙwan gefe. Kowanne yana cin kimanin bolt 0.7, abin da ido ba zai lura da shi ba. Amma da dare, tun da fakin ya riga ya kunna ƙwan, zuwan wutar sigina ba ya ƙara komai, ƙiftawar ta ɓace a lokacin da aka fi buƙatarta. Shi ya sa masu wannan hanya ke ƙara rizisto a ɓangaren fakin, domin ƙwan ya zauna da rabin haske sannan ya ƙara ƙarfi duk lokacin da sigina ta buga. Tana aiki, sai dai ta rage hasken fitilar da dama can ba ta da shi.

Hanyar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce wadda kamfanonin Amurka irin su General Motors da Jeep suka yi amfani da ita tun daga masana'anta a motoci da yawa. Ƙwan fitila waya biyu gare shi. A al'ada ɗaya ke kawo wuta, ɗayar kuma tana manne da ƙarfen jikin mota, wanda shi ne hanyar komawar wuta zuwa batir. A wannan tsari sai a cire ƙwan daga jikin mota gaba ɗaya, a jona waya ɗaya da fakin, ɗayar da siginar gefen da yake. Wanda ya fara ganin haka zai ce an ba ƙwai wuta ta ɓangare biyu babu mafita, ba zai kama ba. Amma yana kamawa.

Wutar lantarki kamar ruwan lambu take, ba ta gudu sai wani gefen ya fi wani tudu. In fakin na kunne sigina na kashe, wayar fakin na da bolt 12, wayar sigina ba ta da komai, sai wuta ta ratsa ƙwan gefe, ta bi wayar sigina, ta ratsa zaren babban ƙwan sigina, ta sauka a jikin mota. Fitilar gefe ta tsaya a kunne. In da rana ne, fakin na kashe aka sa sigina, sai tafiyar ta juya: wuta ta shigo ta wayar sigina, ta fita ta ƙwayayen fakin da na baya da na lamba, fitilar gefe ta riƙa ƙiftawa tare da sigina. In kuwa duka biyun na kunne, duk lokacin da sigina ta haska, wayoyin biyu na da bolt 12 daidai wa daida, babu tudu babu kwari, sai ƙwan gefe ya mutu. In sigina ta ɗauke sai ya dawo. Don haka da dare ma yana ƙiftawa, amma yana karɓa-karɓa ne da babbar sigina.

Tambayar da ta rage ita ce me ya hana babban ƙwan sigina haskawa alhali wuta na ratsa shi. Amsar na cikin lissafi. Ƙwai mai wat 5, irin wanda ake kira W5W, yana jan kimanin amfiya 0.4 a bolt 12, turjiyarsa kuma ta kusa om 29 in ya yi zafi. Mai wat 21 yana buƙatar kimanin amfiya 1.75 kafin ya haska sosai. Zaren da ke cikin ƙwan na ƙarfen tangistin ne, wanda turjiyarsa ke faɗuwa ƙwarai in ya huce, har ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka. Zaren babban ƙwai mai sanyi bai kai om ɗaya ba. In an jera su a layi ɗaya, kusan dukan ƙarfin wutar a kan ƙaramin ƙwai yake ƙarewa, babban kuma ya zama tamkar guntun waya. Abin da ke saura masa kimanin kashi ɗaya cikin goma na wat ne kawai, wanda bai isa ya ko ja zarensa ba. Haka lamarin yake ta ɓangaren fakin, inda ƙananan ƙwayaye da yawa ke raba wutar a tsakaninsu. Babu dayod, babu rile, wato makunnin da wuta ke sarrafawa, babu abin da aka ƙara wa motar sai sauya wurin waya ɗaya, kuma na'urar ƙiftawa ba ta jin nauyin wat 5 ɗin sosai, don haka saurinta na nan cikin iyakar da ƙa'idoji suka gindaya, wato bugu 60 zuwa 120 a minti.

Tsarin na da sharuɗɗa. Dole mazaunin ƙwan ya zama mai waya biyu wanda ba ya taɓa ƙarfen mota. Tsofaffin motoci da yawa mazauninsu da kansa ne ke manne da jiki, irin wannan sai an canza shi. Dole kuma a tabbata wayar komawar da za a yanke ta ƙwan gefe ce shi kaɗai, ba wadda wasu fitilu ke tarayya a kanta ba. Sannan akwai batun doka: ƙa'idar Amurka ta amince da ƙiftawar karɓa-karɓa, ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ta ce in fitilar gefe za ta ƙifta, to lokaci ɗaya da siginar ɓangarenta. Wanda ke son ƙiftawa lokaci ɗaya dare da rana sai ya sayi 'yar na'urar da aka yi domin haka.

Duk wannan hikima a kan zaren tangistin ta dogara, shi ya sa ƙwan LED ke rusa ta. LED fuska ɗaya yake karɓar wuta, alhali a wannan tsari wutar na juyawa tsakanin dare da rana, don haka zai kama a hali ɗaya ya ƙi a ɗayan, sai dai in mai karɓa ta kowace fuska ne ko an sa masa gadar dayod huɗu. In kuma manyan ƙwayayen sigina aka mayar LED, to hanyar komawar ta toshe, domin babu zare mai sanyi da wuta za ta bi; ƙwan gefe zai dushe, ko siginar ta riƙa ɗan haske ba a kunna ta ba. Masu gyara kan sa rizisto mai om 6 da ke jure wat 50 domin ya kwaikwayi tsohon ƙwai. Yana magance matsalar, amma yana yin zafin da zai narkar da roba, don haka a jikin ƙarfe ake ɗaure shi, nesa da wayoyi.

Motocin baya-bayan nan kuma wani babi ne. A cikinsu makunnin fitila ba ya ɗaukar wuta kai tsaye, saƙo yake aikawa ga wata ƙwaƙwalwa da ke rarraba wuta ga kowace fitila, tana kuma auna abin da kowane layi ke ja domin ta gane ƙwan da ya mutu. Wuta ta shigo mata ta inda ba ta zata ba, sai ta nuna alamar matsala a dashbod ko ta rufe layin, wani lokaci ma ta lalace, kuma kuɗinta ya ninka na aikin gaba ɗaya sau da yawa. A irin wannan mota ba a haɗa layuka kai tsaye. Ana amfani da rile ne ko na'urar da ke karanta saƙo daga layin kawai, ta ɗauko wutar ƙwan daga batir ta fiyus nata na kanta. Wasu motocin ma a kwamfuta ake sauya musu halin fitilar ba tare da an taɓa waya ba.

Batun kunna ta da rana

Ga masu so fitilar gefe ta kama tare da makulli kuwa, aikin waya ba shi da wuya: a raba ƙwan da layin fakin, a ɗauko wuta daga layin da ke rayuwa sai mota na kunne, a sa ƙaramin fiyus kusa da inda aka ɗauko. In ba a raba shi da fakin ba, kunna fitila na iya mayar da wuta cikin layin makulli, har a zare makulli inji ya ƙi mutuwa. In an ɗauko daga layin da ba ya mutuwa, ƙwayaye huɗu masu wat 5 za su riƙa jan kimanin amfiya 1.7 dare da rana, abin da zai kwantar da batir cikin kwana ɗaya ko biyu. Siginar gefe ta Turai kuma an yi gidanta ne domin ƙwan da ke kamawa yana hutawa. In aka bar shi a kunne sa'o'i cikin zafin bazara, robar na iya dushewa ko ta narke.

Ko da an yi aikin daidai, sakamakon ba fitilar rana ba ne. Fitilar rana tarihinta daban. Ƙasar Finlan ce ta fara wajabta kunna fitila da rana a 1972, a hanyoyin karkara lokacin sanyi. Suwidin ta biyo a 1977. Kanada ta wajabta ta a sababbin motoci daga Disambar 1989, Tarayyar Turai kuma a sababbin samfuran ƙananan motoci daga Fabrairun 2011. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 87 ta ce fitilar ta zama fara, ta fuskanci gaba, ƙarfinta kuma daga kandela 400 zuwa 1,200. Kandela ɗaya kwatankwacin hasken kyandir ɗaya ne. Fitilar gefe kuwa, ƙa'ida mai lamba 91 ta hana ta wuce kandela 25. Wato mafi hasken fitilar gefe da doka ta yarda da ita kashi ɗaya ce cikin 16 na mafi raunin fitilar rana, kuma gefe take kallo, ba inda mai tahowa yake ba. Waya na iya sauya lokacin da ƙwai ke kamawa, amma ƙarfinsa da inda gilashinsa ke jefa haske suna nan yadda aka ƙera su.

Ƙasashen da suka fara wannan doka ma na can arewa ne ƙwarai. Helsinki na kan digiri 60 daga tsakiyar duniya, inda rana kan daɗe ƙasa-ƙasa, hasken almuru ya yi ta ja. Kano na kan digiri 12, inda rana ke dukan tsakar ka kuma duhu ke shiga da sauri bayan magariba. A irin wannan haske ƙwai mai wat 5 a bayan roba ruwan goro ba ya ko bambanta da wanda ke kashe. Lokacin da fitila ke da amfani da rana a nan shi ne cikin hazon hunturu ko ruwan sama mai ƙarfi, kuma abin da ake buƙata a lokacin shi ne fitilar gaba ta ƙasa tare da jar fitilar baya.

Jar fitilar bayan nan ita ce inda haɗarin yake. Direban da ya saba ganin wani haske a jikin motarsa tun da ya tashe ta yana iya shiga duhu yana zaton fitilunsa na kunne, alhali bayansa baƙi ƙirin yake. Kanada ta ga wannan matsala da fitilun rana na gaske, har ta kai daga Satumbar 2021 ta wajabta wa sababbin motoci ɗaya cikin uku: ko fitilun baya su kama tare da na rana, ko dukan fitilu su kunna kansu in duhu ya yi, ko dashbod ya zauna a duhu har sai direba ya kunna fitila. Wanda ya raba fitilar gefe da layin fakin ya jona ta da makulli ya buɗe wa irin wannan mantuwa ƙofa da hannunsa. Masu sauya launi zuwa shuɗi ko fari mai ƙyalli kuma sun kashe ɗan amfanin da ya rage, domin wanda ke gefe ba zai ƙara bambance gaban mota da bayanta ba.

Sauyin da ya cancanci kuɗinsa shi ne wanda ke ƙara aiki ba tare da ya kashe wani ba: motar Turai ta sami haske a gefe da dare siginarta na nan, ko motar Amurka ta sami ƙiftawa a fitilar da dama take tsaye. Kafin ka biya mai wayarin, sa shi ya gwada sigina hagu da dama fakin na kashe, ya sake gwadawa fakin na kunne, ya danna siginar gaggawa, sannan ya zare makulli ku ga komai ya mutu. Ka kuma duba da idonka cewa fiyus ɗin da ke wurin shi ne mai lambar da kamfani ya rubuta a murfin akwatinsa.